Yaran da Na Tsinta a Cikin Dawa

Bana da damina ta ɗauke aka zo da katafila aka rushe tsohon ɗakin shan magani na bakin hanyar Bagwai. An ce shaguna za a jera a wurin. Ban je na gani ba, ƙafa ta daina kai ni nesa, amma daga tsakar gida ina jin rugugin ƙasa tana zubewa da ihun yara suna bin motar. Jikata da ke zaune da ni ta dawo tana karkaɗe mayafi, ta ce, "Hajiya, ai gara da aka rushe shi, jemagu ne kawai a ciki." Na ce mata gaskiya ne. Amma ranar loma biyu na yi na ture kwanon. Yaran yanzu ba su san wadda ta yi aiki a ɗakin nan ba, ba su san abin da ya haɗa ni da ita ba, kuma na lura cewa a duk waɗanda suka sani ni kaɗai na rage.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, ba agogo ne ke tashe mu ba. Ƙarar taɓarya ce, daga wannan gida ta faɗa wancan, har ka iya gane mai dakan daga yadda take sauke hannu. Sai kukan guga a bakin rijiya, sai zabi suna hayaniya a bayan danga, sai jakuna sun dawo daga birni da mangalar taki. Ƙasarmu ba ta da daji. Gona tana manne da gona, iyakarsu gamba ce ko jerin ɗorawa, kuma idan dawa ta kai sai gidaje su nutse a cikinta, maƙwabcinka yana kiranka kana jin murya ba ka ganinsa. Mu mata muna surfe, muna tsince wake, muna kaɗi da yamma a gindin rumbu. Surukata, wadda nake kira Inna, ba ta yarda a kankare tukunya ƙarƙaf. Takan ce a rage ko yaya, ba a san wanda hanya za ta kawo ba. Yanzu injin niƙa ne ke tashe ni, sai babura. An yanka gonakin bakin titi an kafa musu duwatsu, kowa ya ja katangar bulo ya sa ƙofar ƙarfe, baƙo sai ya buga waya kafin a buɗe masa. Ba na cewa da ya fi yanzu a komai. Da mun binne yara da yawa saboda ƙyanda da zawo, yanzu jikokina duk sun rayu, alhamdu lillahi. Sai dai akwai abubuwan da suka tafi tare da dangar kara.

A ɗakin shan maganin nan akwai wata Baturiya ma'aikaciyar jinya. Ba wanda ya iya faɗin sunanta, sai muka sa mata Mai Keke, don a kan keke take zaga ƙauyuka da akwatin magani ɗaure a baya. A gabanta kuwa Sista muke ce mata. Siririya ce, gashinta baƙi, tana jin Hausa sosai amma harshenta ba ya lanƙwasa wasu kalmomi, har yara kan kwaikwaye ta. 'Yan mishan ne suka gina ɗakin saboda Maguzawan da ke yamma da mu, shi ya sa muka ɗauka ita ma tasu ce. Daga baya aka lura ba ta shiga cocinsu, ba ta cin naman alade, har magana ta fito cewa Bayahudiya ce. Wasu mazan suka hana matansu zuwa wurinta. Surukina malami ne mai makarantar zaure, da aka kawo masa zancen sai ya ce, "Ita ta zauna kwana uku a kan jikana lokacin da yake shiɗewa. Ban tambaye ta addininta a ranar ba, ba kuwa zan fara yau ba." Jikan nan nasa shi ne ɗana na fari. Kunya ba ta barina na ɗauke shi a gaban mutane, amma Allah ya san yadda zuciyata take a kansa.

Yaron yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, bai daina shan nono ba, aka shiga shekarar da birni ya rikice. An riga an yanke gero, dawa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Labari ya riƙa zuwa mana a bakin masu jakuna: ana farautar mutanen kudu, Ibo, ana ƙona rumfunansu, ana tare motoci a hanya. Mu ba mu san kan siyasa ba. Mun dai san wasu samari sun fara yawo da sanduna a kasuwannin ƙauye, kuma an ce duk gidan da aka samu ya ɓoye baƙo za a cinna masa wuta.

Wata safiya, hantsi ya ɗaga, na shiga gonarmu ta bayan gida tsinko kuɓewa. Na yi nisa a cikin dawa sai na ji wani ɗan sauti kamar kukan mage. Na ratsa kunya biyu, sai ga yara uku a tsugune. Yarinya mai kamar shekara goma, ƙanenta mai kamar shida, da jariri a bayanta ɗaure da rigar makaranta. Ƙafafunsu duk sun farfashe. Yarinyar ta ja ƙanenta bayanta, ta dube ni, ta ce da Hausa tas irin ta birni, "Don Allah, Inna, kada ki kira kowa." Ni da ban kai ashirin ba, ba a taɓa ce mini Inna ba sai ranar. Ta ce mahaifinsu kafinta ne a birni. An sa su a babbar mota tare da mahaifiyarsu, aka tare motar a hanya, uwar ta ɗaura mata jaririn ta tura su cikin gona ta ce su yi ta gudu kada su waiwaya. Kwana biyu ke nan suna cin ɗanyen wake da gyaɗa. Na kwance jaririn daga bayanta. Bakinsa ya bushe, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ya gagare shi. Ban yi wani tunani ba. Na zauna a kan kunya na ba shi nono. Da farko bai kama ba, sai da na matsa masa a leɓe, sannan ya kama da ƙarfin da ya sa na ji har cikin bayana.

Ta ƙofar baya na shigar da su ɗakin Inna. Ta dube su, ta dube ni, ta sauke ɗumame ta ajiye a gabansu. Da maza suka dawo daga gona ne magana ta tashi. Maigidana ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa, amma tsoro ya kama shi. Ya ce, "Kin san abin da kika jawo mana? Rumbuna huɗu ne a gidan nan, ashana ɗaya ta ishe su." Surukina ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce abin da ya fi shi ne a kai su wurin dagaci, hukuma ta san yadda za ta yi da su. Kowa ya san ƙofar dagaci a bakin kasuwa take, kuma kafin la'asar gari zai ji. Inna ce ta ce jaririn ba shi da lafiya, a fara kiran Sista tukuna.

Ta iso da azahar, ta jingina kekenta a zaure. Ta duba jaririn, ta wanke wa yaran ƙafafu ta ɗaure. Maigidana ya ce ta tafi da su ɗakin magani. Ta ce an riga an zo an bincike shi sau biyu. Da ta ji zancen dagaci, sai ta zauna a ƙasa a gaban surukina, ta ce, "Malam, ka ba ni izini in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a ƙasar nan." Ya ce, "Bismillah."

Ta ce lokacin babban yaƙin Turawa tana da shekara tara. Masu mulkin da suka mamaye ƙasarsu sun ƙudurta ƙarar da Yahudawa, babba da yaro. Aka hana su makaranta, aka sa su ɗinka alama a riga, sannan aka fara kwashe su a jiragen ƙasa zuwa inda ba a dawowa. Wata rana mahaifiyarta ta ɓalle alamar daga rigarta da ta ƙanenta mai shekara huɗu, ta koya musu sababbin sunaye, ta miƙa su ga wata mata da ba su sani ba. Ta ce, "Uwata ta ce mini in riƙe hannunsa, ko me ya faru kada in saki. Ba ta yi kuka ba, don kada mu yi." Daga hannu zuwa hannu aka riƙa wucewa da su, har suka kai gidan wasu manoma a gindin duwatsu. Manoman ba Yahudawa ba ne, talakawa ne masu shanu biyu, kuma sun san idan aka kama su harbe su za a yi a ƙofar gidansu. Mijin ya ce ba zai iya ba. Matar ta ce to ita za ta iya. Sati biyu suna ɓoye a ɗakin ciyawa, sannan mijin nan da ya ƙi, shi ya ɗauki ƙanenta a wuya ya hau da su duwatsu cikin ƙanƙara, har inda aka ja waya mai ƙaya. Bayan wayar akwai wata ƙasa da ba ta shiga yaƙin ba. Suna rarrafe a ƙarƙashin wayar sai ga sojan ƙasar da bindiga, kuma an ba shi umarnin mai da mutane inda suka fito. Ta ce, "Ya dube mu, ya dubi bayansa, sai ya sa hannu ya ɗaga mana wayar." A ƙasar nan suka girma a gidan marayu, ta yi karatun jinya, ƙanenta ya zama malamin makaranta. Iyayensu ba su dawo ba, haka kakanninsu da 'yan ajinsu. Ta ce, "Malam, duk yaron da na yi wa magani a garin nan, waɗannan manoman ne suka yi masa. Da sun kai mu wurin hukuma, da babu ni."

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi magana a gaban surukina ba a tambaye ni ba. Kaina a sunkuye na ce, "Baba, na riga na ba shi nono." Ya ajiye carbin. Ya ce, "Ya sha?" Na ce ya sha har ya ƙoshi, sau uku tun safe. Ya juya wurin ɗansa ya ce, "To magana ta ƙare. Wannan yaro ɗanta ne, ƙanen jikana ne. Ba ni na faɗa ba, haka yake a littafi. Ban kuwa taɓa jin an kai ɗan gida ƙofar dagaci an ajiye ba."

Ƙanen surukina yana fataucin kanwa a ƙasar Nijar, wadda a lokacin muke kira Faranshi. Can babu wannan fitina, kuma Sista ta ji cewa ana karɓar waɗanda suka tsere a wani gari bayan iyaka. Aka tsai da shawarar a kai yaran can. Tafiyar kwana huɗu ce a jaki. Dole ni ce zan tafi, don jaririn ba zai kai ba sai da nono, kuma ba zan iya ɗaukar biyu ba. Ke nan sai a yaye nawa ɗan tun lokaci bai yi ba, a zamanin da yaye kan tafi da yara. Wannan ne ya fi komai yi mini nauyi. Inna ta ce, "Ki bar mini shi. Ga akuya tana da nono, ga Sista. Idan wani abu ya same shi, ki tuhume ni." Muka yi wa yarinyar kitso, muka sa mata kwalli da zanen saƙi, aka aske wa yaron kai aka sa masa 'yar shara. Da aka tambayi wanda zai raka mu, maigidana ya tashi ya fara ɗaure wa jakuna akumari.

Da rana muke tafiya, cikin ayarin masu cin kasuwa, kamar masu zuwa ganin dangi. Matan da muka sauka a gidajensu sun ba mu fura da ruwan wanka. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallon yaron yadda yake cin tuwo, na san ta gane, amma sai ta ƙara masa miya kawai. A rana ta uku, kusa da wata kasuwa, muka tarar an gitta kututture a hanya, samari da sanduna suna duba masu wucewa. Maigidana ya yi musu sallama da murya daidai, ya faɗi garinmu da sunan mahaifinsa. Wani dattijo a cikinsu, da alama mahauci ne, ya zagayo ya ɗaga mayafin da na rufe jaririn. Ya ga farinsa, ya ga gashinsa. Ya ce, "Ke, wannan ɗanki ne?" Na ce, "Nonona yake sha, Baba." Jaririn ya fara kuka, na sauko da shi na ba shi a gabansu, ni da ko a gaban Inna nake jin kunya. Samarin suka kau da kai. Dattijon ya dubi yarinyar, ta riƙe hannun ƙanenta gam har yatsunta sun yi fari. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce a janye kututturen. Da muka zo wucewa ya rage murya ya ce wa maigidana, "Ku bi ta bayan kasuwa, kada ku tsaya shan ruwa a garin gaba." Ban san sunansa ba, ban san abin da hannunsa ya aikata kafin ranar ko bayanta ba. Ina dai sa shi a addu'a.

Iyakar ba waya ba ce, ba katanga ba. Wani dutse ne da aka shafa wa farar ƙasa a gefen gonar gero. Maigidana ya ce wa yaran, "Kun haye." Yarinyar ta zauna a wurin ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da na gan ta. A garin da ake karɓarsu akwai mutanensu da yawa a ƙarƙashin rumfuna, aka rubuta sunayen yaran, aka samu wata mata da ta rasa nata jaririn a hanya ta karɓi nawa. Na ce nawa, don haka na ji. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga wuyan rigata. Duk tsawon hanyar dawowa nono yana zuba yana jiƙa mini zane, maigidana yana tafe a gaba yana yi kamar bai ji kukana ba. A rana ta biyu ya saya mini dabino ya miƙo mini ba tare da ya juyo ba.

Na tarar da ɗana ya rame, ya yi zawo, amma yana raye. Sista ta riƙa zuwa kullum a kan kekenta har ya warware. Kwana uku yana juya mini baya yana manne wa Inna, sannan ya yafe mini. Shi ne yanzu dattijon da ke jan salla a masallacin unguwarmu. Magana ta ɗan fita a gari, aka yi ta ƙus-ƙus, amma ba wanda ya zo da wuta. Sista ta ƙara shekaru kaɗan ta koma wurin ƙanenta, ba mu sake ganinta ba.

'Yan shekaru bayan an gama yaƙin basasar da ya biyo baya, wani direba ya kawo takarda gidanmu. Yarinyar ce ta rubuto da Hausar boko, malamin firamare ya karanta mana a zaure. Mahaifinsu bai tsira ba. Mahaifiyarsu ta tsira da rauni a kafaɗa, ta yi wata bakwai tana nemansu kafin ta same su. Su ukun duk suna raye, ƙaramin har ya shiga makaranta, kuma an faɗa masa yana da wata uwa a arewa. A ƙarshen takardar uwar ta sa an rubuta cewa ba ta san da wane baki za ta gode mini ba. Ni kuwa nake ganin ni ce mai godiya. Na gode wa Allah da ya sa ni ce na shiga gonar a ranar. Na gode wa Inna da Baba, da mijina da ya ji tsoro amma ya tafi, da Baturiyar da ta buɗe mana ciwonta don yara uku su rayu, da wasu manoma na wata ƙasa mai sanyi da ba zan taɓa sanin kabarinsu ba.

Takardar nan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Ban san inda jaririn nan yake ba yanzu, ko yana raye, ko ya yi furfura kamar wansa, ɗana na fari. Haihuwata bakwai. Amma duk wanda ya tambaye ni 'ya'yana nawa, tun daga shekarar nan har yau, takwas nake cewa.